Yaron Da Ba Ya Ƙirga Mai Numfashi

Ni ce mai riƙe da makullin ɗakin kwana:
gado ashirin da shida, bargo ashirin da huɗu,
waɗanda suka rasa sai su haɗa baya da na kusa.
Nan ƙasar Kajiado, inda kwalta ta gaji ta bar wa ƙaya hanya.

Ranar da aka kawo Tipape
a bayan babur ya zo, kawunsa na tuƙi,
jan mayafi a kafaɗa, sanda a hannu,
takalmin taya ɗaya ya tsinke.
Kawun ya ce, "Fari ya ci shanun,
tari ya ci uwar,
uban kuwa tun bara..."
Bai ƙarasa ba.
Ya dire goran madara a bakin ƙofa, wai kuɗin makaranta,
ya tada babur kafin in buɗe baki.

Na ba yaron wando da riga mai maɓalli, ya karɓa.
Sandar ce ya hana.
Da ita ya kwana,
da ita ya ci tuwon masara da wake,
da ita ya shiga aji,
har Malam Senteu ya gaji ya ba ta kusurwa,
ita ma ta zama ɗaliba.

Lissafi bai ba shi wuya ba.
Tsakuwa, ƙwayar wake, murfin kwalba,
ya tara, ya ɗebe, ya raba.
Sai ran da malam ya ce, "Tashi ka ƙirga 'yan ajinku."
Ya sunkuyar da kai.
"A gidanmu ba a ƙirga mai numfashi.
Babana bai taɓa cewa shanuna kaza ne ba,
kowacce da sunanta yake kiranta.
Shekarar da masu takarda suka zo suka ƙirga,
ita ce shekarar."
Aji ya yi tsit.
Malam ma ɗan makiyaya ne,
ya goge allo, ya shiga wani darasi.

Ni kuwa ƙirga ce sana'ata.
Kullum dare, fitila a hannu,
ɗaya, biyu, uku, in rubuta,
don masu aiko mana buhun masara
lamba suke karantawa.

Wani dare cikin ruwa na kai ashirin da shida,
na rufe littafi, na juya,
sai murya daga gadon ƙarshe:
"Mama Resiato, babu Kipelian."
Na ce ga shi can a lulluɓe.
Ya ce, "Wancan tsumma ne.
Kipelian minshari yake kamar maraƙi mai mura."

Muka fita, shi a gaba, ni a baya,
kura na ta guɗa can wajen rafi,
gabana na dukan uku-uku.
Shi ƙasa kawai yake karantawa:
ƙafar hagu da ake ja, ciyawa a kwance.
A gindin farar ƙaya muka same shi,
jiƙe sharkaf, haƙora na haɗuwa,
yana neman hanyar ruga
wadda an daɗe ba a hura wuta a cikinta ba.

Tipape bai yi masa faɗa ba.
Sandar nan ya miƙa masa,
wadda ko ni bai taɓa bari na taɓa ba.
Ya ce, "Riƙe. Gobe ka maido."

Yau zango na huɗu ke nan, bai maido ba,
shi kuma bai tambaya ba.

Har yanzu ina ƙirgawa, dole ce,
amma a zuci, leɓe a rufe.
Shi kan bi layin gadaje a hankali,
yana taɓa ƙafar kowa da sunansa,
kamar mai tsaye a ƙofar garke da almuru.
Sai ya gyaɗa min kai
nake sa alƙalami a takarda.

Goran kawun yana rataye a bayan ƙofa.
Madarar tun a daren muka zuba a shayi,
ƙanshin hayaƙin ne ya ƙi fita.